Yadda Ake Tayar da Tsofaffin Manhajojin Ilimin Addini a Windows 10 da 11

Tambaya ɗaya ce malamai da ɗaliban ilimi suke ta maimaitawa: an sayi sabuwar kwamfuta, an kwafo Maktabatus Shamila, wato laburaren littattafan addini na kwamfuta, ko manhajar hadisi ta littattafai tara daga tsohuwar, an buɗe, sai ga alamomin tambaya sun cika allo, ko ma manhajar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Da yawa sukan ɗauka fayilolin ne suka lalace, su goge, su sake nemo wani kwafin, shi ma ya yi haka. Galibi lafiyar manhajar ƙalau. An rubuta ta ne don Windows 98, XP ko 7, kuma akwai abubuwan da take tsammanin samu waɗanda sabuwar Windows ba ta ajiye mata ba sai an nema. Gyaran ba shi da wuya, amma jerin matakan shi ne komai. Wanda ya girka manhaja kafin ya gyara harshen kwamfuta zai yi aikin sau biyu.

Kayan da za ka tanada

Fulash mai gigabait 32 ko fiye, ko hadis na waje idan laburaren mai girma ne. Idan manhajar a faifan CD take, sai ka nemi na'urar karanta faifai ta waje mai shiga USB, don yawancin sabbin kwamfutocin cinya ba su da ramin faifai. Aronta ya wadatar, tunda sau ɗaya za ka yi amfani da ita. Sai data ta sauke ƙananan manhajoji: 7-Zip, ImgBurn, da VirtualBox idan aikin ya kai can. Duk kyauta suke. Kuɗin da za ka kashe na fulash ne da data, sai kuma ƙarin RAM idan kwamfutarka gigabait 4 gare ta kuma za ka buƙaci mataki na 8. Dole kuma ka shiga kwamfutar da asusun Administrator, kuma batir ya cika ko wuta ta tsaya.

1. Fara da ajiye asali

Kada ka taɓa komai sai ka kwafi asalin a gefe. Idan folda ce a tsohuwar kwamfuta, kwafe ta ɗungurungum, ba fayil ɗin da ake dannawa kaɗai ba. Mutane da yawa suna kwafo ɗan hoton da ke kan Desktop, su zo gida su tarar gajeriyar hanya ce mai kilobait biyu, littattafan suna can an baro su.

Idan tsohuwar kwamfutar Windows 7 ce kuma manhajar tana cikin Program Files, leƙa nan ma: C:\Users\sunanka\AppData\Local\VirtualStore. Windows takan karkatar da abin da tsohuwar manhaja ta rubuta zuwa wannan wuri a ɓoye. Ta'aliƙan da malam ya yi shekaru yana rubutawa a gefen littafi, da littattafan da ya ƙara da hannunsa, sau da yawa a nan suke zaune. Foldar AppData a ɓoye take, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli kafin ka gan ta.

Idan faifai ne, mayar da shi fayil na ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, da ImgBurn, ta zaɓin Create image file from disc. Faifan da ya sha ƙura a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Daga Windows 8 zuwa sama, danna fayil ɗin ISO sau biyu ya isa ya bayyana kamar an saka faifai.

Gargaɗi: fulash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Idan laburarenka a dunƙule yake cikin babban fayil, mayar da fulash ɗin exFAT ko NTFS tukuna, bayan ka kwashe abin da ke ciki. Fulash ɗin da ya zaga hannun ɗalibai ko shagon buga takardu kuwa, a bincike shi da Windows Security kafin a buɗe.

2. Gane irin ciwon

Buɗe manhajar sau ɗaya, ka duba da kyau abin da ta nuna, don kowace alama da maganinta.

Idan ka ga ???? ko rubutu irin wannan, ÈÓã Çááå, matsalar harshen tsarin kwamfuta ce. Wannan rubutun da ka gani "bismillah" ne da Larabci, kwamfuta ce take karanta lambobin haruffan da ma'aunin Turawa. Mataki na 3 ne naka.

Idan ƙananan akwatuna ne a maimakon haruffa, ko ayoyi sun koma wasu alamomi alhali sauran rubutun daidai yake, nau'in rubutu ne babu. Mataki na 4.

Idan saƙo ya fito da sunan fayil mai ƙarewa da .ocx ko .dll, mataki na 7. Idan kuma Windows ta ce This app can't run on your PC, ko ta ambaci 16-bit, to ka yi shirin mataki na 8.

Don sanin irin Windows ɗinka, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka duba System Type. Idan x64 ne, mai bit 64 ce. Windows 11 duk mai bit 64 ce, ba ta da wani nau'in. Manhaja mai bit 32 tana aiki a kanta lafiya, mai bit 16 ce ba ta yi.

3. Sauya harshen tsari kafin komai

Wannan matakin shi kaɗai yana warware mafi yawan ƙorafin da ake kawowa a kan tsohuwar Shamila ta 3 da takwarorinta. Waɗannan manhajoji ba sa amfani da Unicode, wato ma'aunin haruffa na zamani da ya haɗa harsunan duniya. Suna ajiye Larabci da tsohon ma'auni mai suna Windows-1256, kuma Windows ba za ta karanta shi daidai ba sai an gaya mata.

Danna Windows da R, rubuta intl.cpl, ka danna Enter. Wannan umarni yana aiki ko da kwamfutar da Faransanci take, kamar yadda ake yawan samu a Nijar da Kamaru da Chadi. Shiga shafin Administrative. A ƙarƙashin Language for non-Unicode programs danna Change system locale, ka zaɓi Arabic na Saudiyya ko na Masar, duk ɗaya ne a wannan aiki.

A ƙasan wannan taga akwai ɗan akwati da aka rubuta Beta: Use Unicode UTF-8 for worldwide language support. Tabbatar babu alama a cikinsa. Sunansa yana ruɗar mutane, su ɗauka shi ne zai gyara Larabcin, alhali shi ne yake rikita shi ko da an zaɓi Arabic. Danna OK, ka bar kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Ba a tsallake wannan. Sauyin ba ya kamawa sai an yi Restart.

Gargaɗi na farko: kada ka taɓa shafin Formats. Idan ka mayar da shi Larabcin Saudiyya, kalandar kwamfutar za ta iya komawa ta Hijira, lambobi su sauya kama, wasu manhajojin lissafi su fara ba da matsala. Shafin Administrative kaɗai ake buƙata. Menu na Windows zai ci gaba da zama da harshen da ka saba, Word ma ba abin da zai same shi, har haruffan Hausa masu ƙugiya.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi muhimmanci: idan ka riga ka girka manhajar ko ka warware fayil ɗin ZIP ko RAR kafin wannan sauyi, cire ta ka sake daga asalin da ka ajiye. Sunayen foldoji da na littattafan da aka rubuta a lokacin da kwamfutar ba ta gane Larabci ba sun riga sun zama alamomin tambaya na dindindin, sauya harshe daga baya ba ya dawo da su. Manhajar za ta buɗe da menu mai kyau, amma ka danna littafi ta ce ba ta same shi ba. A nan ne mutane suke yanke ƙauna, alhali saura ƙiris.

4. Nau'in rubutu da kibod

Tun daga Windows 10, sanannun nau'o'in rubutun Larabci irin su Traditional Arabic, Simplified Arabic da Andalus ba sa zuwa a girke a kwamfutar da aka saita da Turanci. Tsofaffin manhajoji kuwa da Traditional Arabic suka fi dogara. Rubuta Optional features a wurin bincike na Start, zaɓi ƙara sabo, ka nemo Arabic Script Supplemental Fonts. Yana buƙatar intanet amma ba shi da nauyi.

Sannan shiga Settings, Time & language, ka ƙara harshen Larabci don samun kibod ɗinsa, Arabic 101. Ba tare da shi ba ba za ka iya rubuta kalmar da kake nema a akwatin bincike ba. Ana sauyawa tsakanin harsuna da Windows da Space, ko Alt da Shift.

Manhajojin Alƙur'ani sukan zo da nasu rubutun na rasmin Usmani a cikin folda mai suna Fonts. Zaɓe su duka, danna dama, ka zaɓi Install for all users. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka gan shi. Install na kawai yana ajiye su a asusunka ne, tsohuwar manhaja kuma ba lallai ta duba can ba. Manhajar Mushafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad, alal misali, kowane shafi da nasa fayil ɗin rubutu, daga QCF_P001 har QCF_P604. Idan ɗaya ya ɓace, wannan shafin kaɗai zai lalace, sauran su fito daidai, don haka a ƙirga su.

5. Girkawa a wurin da ya dace

Idan fayil ɗin daga intanet aka sauke shi, danna dama, Properties, ka sa alama a Unblock kafin ka warware shi da 7-Zip. Sannan danna dama a kan setup.exe, ka zaɓi Run as administrator.

Idan ya tambayi inda za a ajiye, kada ka bar shi a Program Files. Sabuwar Windows tana hana rubutu a can, ita kuwa tsohuwar manhaja a cikin foldarta take rubuta fihirisa da saituna da duk littafin da ka ƙara. Ƙirƙiri folda mai gajeren suna da haruffan boko, babu tazara, kamar C:\Shamela ko D:\Hadith. Kada ka ajiye ta a Desktop ko Documents idan OneDrive yana aiki, don zai riƙa jan fayilolin yana kulle su, ga cin data.

Manhajar da ba ta da setup, wadda ake kwafa kawai, ita ma haka: kwafe ta zuwa irin wannan folda, ka zaɓi foldar, Properties, ka cire alamar Read-only. Fayilolin da aka kwafo daga faifai da wannan alamar suke zuwa, kuma ita ce take sa manhaja ta ce ba za ta iya sabunta rumbun bayananta ba.

Gargaɗi: idan fayil ɗin .exe ya ɓace da kansa bayan kwafi, duba Protection history a Windows Security. Kada ka yi gaggawar dawo da shi. Ɗora shi a shafin VirusTotal, mai binciken ƙwayar cuta a fayiloli, tukuna. Kasancewar manhaja ta addini ba ya hana ƙwayar cuta maƙalewa a jikinta bayan ta bi ta kwamfutoci goma.

6. Yanayin dacewa

Danna dama a kan fayil ɗin da ke buɗe manhajar, Properties, Compatibility. Sa alama a Run this program in compatibility mode for, ka fara da Windows XP Service Pack 3. Idan bai yi ba, gwada Windows 7, sannan Windows 98. Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, don ka san wanne ne ya yi aiki.

Idan rubutun ya yi ƙanana ƙwarai ko maɓallai sun hau kan juna, danna Change high DPI settings, sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi System. Rubutun zai ɗan yi dishi-dishi amma komai zai koma mazauninsa. Idan launuka ne suka rikice, Reduced color mode a kan 16-bit.

7. Fayilolin da manhaja take nema

Yawancin manhajojin wancan zamani da Visual Basic 6 aka rubuta su. Saƙon da aka fi gani shi ne Run-time error 339, tare da suna irin comdlg32.ocx, mscomctl.ocx ko richtx32.ocx. Nemo fayil ɗin a faifan manhajar ko a tsohuwar kwamfutar, ka kwafe shi zuwa C:\Windows\SysWOW64. Sunan yana da ruɗani, amma a Windows mai bit 64 nan ne gidan fayiloli masu bit 32, ba System32 ba. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta layi biyu, kowanne da Enter:

cd C:\Windows\SysWOW64
regsvr32 comdlg32.ocx

Sauya sunan da wanda aka nema. Wani lokaci kana gyara ɗaya sai ta nemi na biyu. Ci gaba da haƙuri, ba su cika yawa ba. Kada ka sauke waɗannan fayiloli daga shafukan da suke tallan gyara kowane dll, ƙofar cuta ce.

Idan .NET Framework 2 ko 3.5 ta nema, danna Windows da R, rubuta optionalfeatures, ka sa alama a .NET Framework 3.5. Fayilolin taimako masu ƙarewa da .hlp ba sa buɗewa a Windows 10 da 11, amma wannan ba ya hana manhajar aiki. Karatun Alƙur'ani ko darussan da aka ajiye da tsarin .rm na RealPlayer kuwa, VLC yana kunna su kai tsaye daga foldarsu.

Idan manhajar ta nace sai an saka faifai, buɗe ISO ɗin da ka yi a mataki na 1 kafin ka tayar da ita. Wasu suna tuna harafin da faifan yake a ranar girkawa, D ko E, don haka daga ISO ɗin za ka girka tun farko.

8. Idan mai bit 16 ce: kwamfuta a cikin kwamfuta

Manhajoji masu bit 16 na shekarun 1990 da aka yi a zamanin Windows 3.1 da 95, ciki har da wasu tsofaffin faifan hadisi da tafsiri, ba za su tashi a Windows mai bit 64 ba, duk yanayin dacewar da ka zaɓa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna otvdm, ana kuma kiranta winevdm, da ke tayar da irinsu. Gwada ta ba ya cin minti goma, amma ba kullum take jera Larabci daga dama zuwa hagu daidai ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a girka tsohuwar Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka.

Da farko buɗe Task Manager, Performance, CPU, ka duba ko Virtualization yana Enabled. Idan ba haka ba, shiga BIOS lokacin da kwamfuta take tashi, F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo, ka kunna Intel VT-x ko AMD-V. Girka VirtualBox, idan ya nemi Microsoft Visual C++ Redistributable, sauke shi daga shafin Microsoft.

Danna New. Shawarata Windows 7 mai bit 32, don tana tayar da manhajoji masu bit 16 kuma Larabci yana cikinta tun asali. Ba ta RAM gigabait 1 zuwa 2 da hadis gigabait 25. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, XP ta fi sauƙi: megabait 512 da gigabait 10 sun ishe ta. Kana buƙatar faifai ko ISO na Windows ɗin da lasisinsa.

A XP akwai ƙarin aiki da ake yawan mantawa. Shiga Control Panel, Regional and Language Options, shafin Languages, ka sa alama a Install files for complex script and right-to-left languages. Za ta nemi faifan XP, don haka kada ka cire ISO ɗin. Bayan ta sake tashi ne Arabic zai bayyana a shafin Advanced, inda za ka zaɓe shi. A Windows 7 kuwa mataki na 3 za ka maimaita yadda yake.

Daga menu na Devices a tagar VirtualBox zaɓi Insert Guest Additions CD image ka girka, shi ne zai ba ka cikakken allo da damar kwafar rubutu tsakanin kwamfutocin biyu, idan ka sa Shared Clipboard a Bidirectional. Ta Shared Folders za ka shigar da manhajar.

Gargaɗi: Microsoft ta daina ba XP kariya tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Shiga Settings na kwamfutar da ka ƙirƙira a cikin VirtualBox, Network, ka cire alamar Enable Network Adapter. Laburaren karatu ba ya buƙatar intanet. Da zarar komai ya zauna, ɗauki Snapshot. Duk ranar da wani abu ya lalace, da dannawa ɗaya za ka koma wannan matsayin. Idan ka ga hoton koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox kuma komai yana jan jiki, Hyper-V ne ko Memory integrity na Windows suke riƙe da na'urar.

Wani lokaci setup ɗin ne kaɗai mai bit 16, manhajar kanta mai bit 32 ce. Girka ta a cikin VirtualBox, ka kwafo foldarta waje, ka gwada ta a Windows ɗinka da matakai na 5 zuwa 7.

9. Masu Mac da Linux

Tun daga macOS Catalina na 2019, Mac ba ya tayar da manhajoji masu bit 32. A sabbin Mac masu M1 zuwa sama, UTM yana iya kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ya ɗauki XP, a hankali amma ya isa karatu. A Linux ana amfani da Wine, a tayar da manhajar da umarnin LC_ALL=ar_SA.UTF-8 a gaban wine, bayan an ƙara wannan harshen a tsarin kuma an kwafo nau'o'in rubutun Larabci.

10. Kwafar nassi zuwa Word da kare laburaren

Manhaja tana iya nuna Larabci daidai, amma ka kwafi hadisi zuwa Word ya fito a hargitse. Kafin ka danna Copy, mayar da kibod zuwa Larabci a cikin tagar manhajar. Windows tana duba harshen kibod ne a lokacin kwafi don ta fassara haruffan tsohuwar manhaja.

Ayar da aka saka da rubutun mushafi na musamman tana nan daidai ne kawai a kwamfutar da ke da wannan rubutun. Idan za ka kai takarda shagon bugawa ko ka tura wa wani, mayar da ita PDF tukuna, ka buɗe ka karanta kowace aya da idonka, ka gwada da mushafi. Harafi ɗaya da ya sauya a aya ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai shago ba zai lura ba. Lambar shafi da juzu'i ma a duba katin littafin a Shamila, ko an rubuta cewa ya dace da bugun takarda, kafin a kafa hujja da ita a bincike.

Tsohuwar Shamila a fayilolin Access masu ƙarewa da .mdb take ajiye littattafai, kuma irin waɗannan suna saurin lalacewa idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu a kansu. Kada ka fara shigo da littattafan .bok masu yawa ko gina fihirisar bincike a kwamfutar tebur marar UPS, ko a ta cinya mai mataccen batir. Rufe manhajar da kanka kafin ka kashe kwamfuta. Bayan kowane babban ƙari, rufe ta, ka kwafi foldar gaba ɗaya zuwa hadis na waje, ka rubuta kwanan wata a sunan kwafin, ka riƙe biyu na ƙarshe. A cikin wannan hadis ɗin ka haɗa da ISO, da foldar Fonts, da fayilolin .ocx da ka sha wahalar nemowa, da ɗan rubutu na saitunan da suka yi maka aiki a mataki na 6.